Shuɗin Gwangwani Mai Jar Roba

Ni dai Allah bai ba ni tsawo ba, gashin kaina ma ya karɓe abinsa tun ina ɗan shekara talatin, amma ya ba ni baki. Ba yabon kai ba, a nan ƙasar Larabawa, daga bakin ruwan Deira har inda kwalta ta ƙare yashi ya fara, jirgi bai taɓa sauke mai ba da labari irina ba. Bakin nan ya taɓa sa ɗan sandan hanya ya manta abin da ya tsayar da ni a kai, har ya miƙo mini ruwan sanyi. Shi ya samo mini mata, don surukina yana cikin dariya ya ce ya ba ni, kafin ya dawo hayyacinsa an shafa fatiha. A ɗakinmu na unguwar Muhaisnah mu shida ne, akwai wani ɗan Nepal da ko “zo” bai sani ba da Hausa, amma in na fara zuba sai ya ture shinkafarsa ya riƙe ciki. Na sha bugun ƙirji cewa bakina bai taɓa cutar da kowa ba, sai dai ya warkar. Ina wannan bugun ƙirjin har wata Asabar.

Aikina a wani babban kantin littattafai ne, a hawa na biyu na ɗaya daga cikin manyan kasuwannin nan masu rufi, irin waɗanda mutum zai shiga da ƙuruciyarsa ya fito da jikoki. Ni ne mai wuta. Ƙwan fitila ya mutu, ni. Na’urar sanyi ta fara tari, ni. Lasifika ta yi ƙugi, ni. Shekara tara ina wurin, ban sayi littafi ko ɗaya ba, don ban ga dalilin da zan biya wani ya yi mini ƙarya ba alhali ina da tawa kyauta.

Duk Asabar da hantsi akan shimfiɗa darduma a lungun yara, a jera matasai, iyaye su kawo ’ya’yansu jin tatsuniya. Mai yin ta wata tsohuwa ce ’yar ƙasar Ireland, gajeriya, fari fat har gashin gira. Marigayi mijinta ɗan Norway ne, saboda haka gado biyu ta ci: tatsuniyoyin uwarta da na surukarta. Ni ke maƙala mata ɗan makirfo a wuyan riga, in koma gefe in riƙe maɓallin sauti. Da farko na raina abin, na ce tatsuniya da hantsi, a ƙarƙashin fitilar lantarki, kowane yaro da kwalbar ruwansa? Amma tsohuwar nan ta iya. Ba ta ihu, ba ta tsalle. Rage murya take yi har yara su miƙo wuya kamar kaji sun hango tsaba. A bakinta na ji labarin dodannin duwatsu waɗanda in rana ta fito ta same su a waje sai su sandare su zama dutse, da na ɗan wada mai gyaran takalmi da ke ɓoye tukunyar zinariya, da na ƙaton da ya jera duwatsu a teku don ya je ya yi dambe da wani ƙaton, da ya hango girman abokin karawar ya rugo gida matarsa ta sa masa hular jarirai ta kwantar da shi. Wannan na ƙarshen na ce mata ai ɗan unguwarmu ne, na san gidansu.

Wadda yara suka fi roƙo kuwa ita ce ta matar teku. A tekun ƙasashen sanyi akwai wata dabba mai kama da ayun Binuwai, ido dara-dara kamar na ɗan maraƙi. Wai lokaci-lokaci sukan fito gaɓa su tuɓe fatarsu su zama mata su yi rawa. Wani masunci ya laɓe ya sace fatar guda ya ɓoye. Ba fata, ba komawa ruwa. Dole ta bi shi gida, ta yi masa girki, ta haifa masa ’ya’ya, kullum da yamma ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon teku. Bayan shekaru, ɗaya daga cikin ’ya’yanta, cikin rashin sani, ya tambaye ta me ya sa baba yake ajiye wata tsohuwar fata a cikin rufin ɗaki. Ta ɗauko, ta rungumi yaran, ta nufi ruwa ba waiwaye.

Duk lokacin da aka zo wurin tsayuwar bakin ƙofar nan, akwai wata mata da nake gani tana sunkuyar da kai. Ba ta zama a darduma, ba ta zama a kujerun iyaye. A baya take tsayawa, cikin rigar aiki ruwan hoda, hannunta a kan keken jariri. Mai raino ce. Mun san juna ne ranar da na buge ɗan yatsa da guduma na ce wayyo Allah, sai na ji daga bayana an ce, “Sannu, Baba.” Na waiwaya kamar an kira ni daga lahira. ’Yar Filato ce, daga wani ƙauye a wajen Mangu, Kirista, shekarunta ba su wuce talatin da biyar ba. Tana yi wa wani gida rainon yara biyu, yarinya ’yar shekara shida da wani jariri mai kumatu. Daga ranar na sa mata ’yar dankali, ita kuma ta sa mini Baba mai wuta, ta ce sunan ma kaɗai ya isa in ƙara yawan nafila.

Minti goma muke samu duk mako kafin a fara, ni ina jan waya, ita tana jijjiga keke, muna Hausa a tsakiyar mutanen da ba mai jin ko kalma guda. Hausa a garin nan kamar ɗaki ce mai sakata, in kun shiga ku biyu ba mai leƙo ku. A cikin mintocin nan na san abin da ke cin ta. Ranar da ta sauka, shekara huɗu da suka wuce, uwar ɗakinta ta karɓi fasfo ɗinta wai za ta adana mata. Doka ta hana hakan, kowa ya sani, ita ma mai karɓar ta sani. In ta tambaya a ce bayan hutun makaranta, in hutu ya wuce a ce wata mai zuwa inshallah. Sai ga shi da daminar gida mahaifiyarta ta faɗi a gona, ɓarin jikinta ya shanye. Ƙanwarta ta buga waya ta ce bakin Mama ya karkace, ba abin da ke fita daidai sai sunanki. Ta roƙi a ba ta mako biyu kawai. Aka ce jaririn yana haƙori, ba wanda yake yarda da shi sai ita.

Asabar ɗin da nake magana, sun zo da wuri. Uwar ɗakin, wadda ta saba ajiye su ta sauka ƙasa shan gahawa, ranar ba ta sauka ba, wai ƙawar da za su haɗu ta fasa. Ta tsaya wajen mujallu tana latsa waya, doguwa, mai ƙamshi, tabarau a saman kai. Ni ina durƙushe ina liƙe wayar lasifika a ƙasa da salatif. ’Yar dankali ta turo keke kusa da ni, ta tsuguna kamar tana duba taya.

“Baba, kar ka ɗago kai. Na samo shi.”

“Miji? Alhamdu lillahi. Ɗan ina ne?”

“Bar wasa, don Allah. Fasfo ɗina.”

Salatif ya liƙe a yatsana. Na ce, “A ina?”

“A saman sif ɗinta, bayan bargunan da ba a taɓa shimfiɗawa. Cikin wani shuɗin gwangwanin biskit, an ɗaure shi da jar roba. Shekara huɗu ina goge ƙurar sif ɗin nan, Baba. Shekara huɗu yana saman kaina.”

“In ta buɗe ta ga wayam fa?”

“Na sa ƙaramin littafin waƙoƙin cocinmu a madadinsa, na naɗe shi a ledar da yake ciki. In ba ta warware ba, ba za ta gane ba.”

“To yanzu yana ina?”

Ta ɗora hannu a kan katifar keken, inda jaririn ke barci da baki buɗe. “Nan ƙarƙashinsa. In an tashi, ita za ta je biyan kuɗin littafin yarinyar, sai in zaro in ba ka. Gobe ka je wajen mutumin nan naka na Al Ras mai yankan tikiti. Matan coci sun haɗa mini kuɗin, za su turo maka. Talata da safe in na kai yarinya makaranta, daga can sai filin jirgi.”

Na ce, “’Yar dankali, kin zo wurin da ya dace. Sirrin da ke cikin cikin nan, da za a tona, da gwamnati uku sun faɗi.”

Ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Ban taɓa ganin haƙoranta duka ba sai ranar. Tana da wushirya.

Ana haka sai ga manajar kantin da gudu-gudu, waya a kunne, fuskarta kamar wadda ta ga gobara. Tsohuwa ta zame a banɗaki, tana asibiti ana ɗaure mata ƙafa. Ga yara sun fi talatin a kan darduma, ga iyaye sun cika kujeru. Manaja ta ce halas, shi ke nan, sai dai a ba su haƙuri a raba musu takardar zane.

Ni kuwa, shekara uku ina tsaye a gefe ina riƙe wa wata maɓalli. Shekara uku! Mutum irina! Na miƙe na karkaɗe gwiwa na ce mata duk tatsuniyoyin tsohuwar nan suna kaina, har da tarin da take yi a tsakiya. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta dubi yaran da suka fara jifan juna da matasai, ta ce yalla, je ka fara.

Ina maƙala makirfo a wuyan rigata ’yar dankali ta ce, “Baba, tatsuniya da rana? Ka ɗaure gizo tukuna, kar ka ɓata.”

A gida, wanda dole ta sa zai yi tatsuniya rana na sama, sai ya tsige gashin ido guda ko ya zaro ciyawar rufi ya ƙulle kafin ya buɗe baki, in ba haka ba wai zai ɓace a hanya. Ashe su ma a can duwatsunsu haka suke yi. Na ce mata, “A kasuwar nan ina rana take? Shekara tara ban ga inuwata ba.” Na haye kujerar tsohuwa, kujerar ta yi ƙara, yara suka kwashe da dariya, na ce a raina an fara da sa’a.

Farkon abin kam ba a magana. Na koya musu cewa in na ce ga ta nan ga ta nanku, su ce ta zo mu ji ta. Ka ji ’ya’yan Turawa da Indiyawa da Larabawa suna ƙwala “ta zo mu ji ta” har gilasan kanti na rawa. Na tambaye su wacce suke so, suka haɗa baki: matar teku! Na fara da Turancina, wanda malaminmu na firamare ya ce in Sarauniya ta ji shi sai ta nemi tafinta. Na yi rawar matan teku a kan darduma. Na yi tafiyar masunci, sanɗa, tumbi gaba. Na ƙara masa gemu har cibiya, da ƙafa guda da ta fi guda tsawo, da warin kifin da ke sa kuliyoyi bin sa masallaci, sai na tuna ba masallaci a labarin na ce kasuwa. Yara suna birgima.

Sai aka zo tsakiya, wurin shekarun nan da matar ke tsaye a bakin ƙofa tana kallon ruwa. A nan tsohuwa takan yi shiru ne, ta bar shirun ya yi mata aiki. Ni kuwa tun da aka haife ni ban san yadda ake shiru ba. Ungozoma ma ta ce da surutu na fito. Na gwada. Na yi shiru na daƙiƙa uku, na ji kamar an binne ni. Wani yaro ya kwanta rigingine yana kallon rufi. Wata ta fara cire takalmi. Wani uba ya ɗaga hannu ya dubi agogo, a gabana, ba kunya. Taron yana zubewa daga hannuna kamar gero a tsagaggen buhu.

Nan gwaggona ta faɗo mini a rai. Ita ta koya mini sana’ar, a tsakar gidanmu, kuma dabararta guda ce: in yara suka fara gyangyaɗi, ɗauko wani abu na cikin gidan ka jefa a tatsuniya. Kura ba tukunya kawai za ta buɗe ba, tukunyar nan mai karyayyen kunne da kowa ya sani za ta buɗe. Nan take sai ido ya buɗe, wanda ya saci nama da rana ya fara gumi. Haka na taso, haka nake yi wa abokan ɗaki, haka nake yi wa kowa. Abin da kunnena ya ji da safe, bakina ya yi miya da shi da rana. Ban taɓa ɗaukar hakan laifi ba, gishiri nake kiransa.

Kuma ba zan ɓoye ba, akwai wani abu bayan wannan. Na so in faranta wa ’yar dankali. Na so ta ji labarinta a lasifika, ta san matar teku ta kusa komawa gida, mu biyu kaɗai muka gane a cikin ɗaki cike da mutane. Na manta cewa sakatar tamu Hausa ce, ni kuwa da Turanci nake magana.

Na rage murya irin ta tsohuwa, na ce, “Kun san inda masuncin nan ya ɓoye fatar? Ba a rufi ba. A saman sif, bayan barguna. Cikin wani shuɗin gwangwanin biskit, ɗaure da jar roba.”

Wanda ya kwanta ya tashi zaune. Na ji daɗi har cikin ɓargo.

“Wata rana tana goge ƙura sai ta gano shi. Matar nan akwai wayo! Ta zare fatarta, ta sa wani ɗan littafi a madadinta, ta mayar da roba yadda take. To ina za ta ɓoye fatar kafin ranar tafiya? A tukunya? A’a. A takalmi? A’a.” Yara suna amsa a’a tare da ni. “Sai ta ɗaga jaririn gidan yana barci, ta tura ta ƙarƙashin katifarsa. Wa zai tashi jariri mai barci?”

Na ɗaga kai na dubi baya don in ƙifta mata ido.

Ba ta dariya. Hannayenta biyu suna kan keken, ta riƙe shi kamar mai riƙe da bakin rijiya. Leɓenta na motsi, ba sauti. Kafin ƙwaƙwalwata ta gama fassara fuskar nan, sai wata ’yar murya ta tashi daga tsakiyar darduma, zaƙwai, cike da murna.

“Mu ma muna da shi! Mami, irin namu! Shuɗi mai jar roba, wanda kika ce kar a taɓa!”

Yarinyar da take raino ce. Ta miƙe tsaye tana tsalle tana nuna uwarta, don ita a ganinta gidansu ya shiga tatsuniya. Iyaye suka yi dariya. Uwar ɗakin ma ta yi murmushi, ta ɗago daga wayarta, ta ɗaga wa ’yarta hannu. Ina kallon murmushin nan yana tafiya a hankali, kamar ruwa na tsanewa a yashi. Ta dube ni. Ta dubi mai rainonta. Ta dubi keken.

A tatsuniyar tsohuwa, yaro ne ke nuna wa matar teku inda fatarta take. A tawa, masuncin aka nuna wa.

Ban san yadda na ƙarasa ba. Na san dai na kai matar ruwa a gurguje, na ce ƙurunƙus, aka yi tafi. Tafi sosai, har da fito. Ana cikin tafin uwar ɗakin ta taka zuwa baya, ba gaggawa, takalminta na ƙwas-ƙwas. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki jaririn ta miƙa wa mai rainon, don ta san hannu biyu da ke riƙe da jariri ba su iya riƙe komai. Ta ɗaga katifa. Ta zaro ɗan koren littafin nan da kowane ɗan Najeriya zai gane daga nisan kilomita, ta buɗe jakarta ta jefa, ta ja zik. Ni na ji ƙarar zik ɗin nan duk da tafin, ko kuwa dai raina ne ya ji.

Jaririn ya farka yana kuka. ’Yar dankali ta shiga jijjiga shi, tana bubbuga bayansa, don aikinta ke nan.

Yara suka yanyame ni, wani na jan gemuna, wata na tambaya ko matar za ta dawo. Manaja ta riƙe hannuna da hannu biyu tana cewa habibi, ina ka ɓoye wannan baiwar shekara tara? Sai ga uwar ɗakin ta ratso su, ƙamshinta ya riga ta isowa. Ta tsaya a gabana ta yi murmushi mai kyau, irin na talla.

Ta ce, “Na gode ƙwarai. Ban taɓa ƙaruwa da tatsuniya kamar yau ba.”

Kuma wallahi, don Allah ya sani ba zan rage ba, bakina da kansa ya ce mata ba komai, ran ki ya daɗe. Makirfo a kunne yake. Duk kantin ya ji.

Na bi su da ido har matakalar lantarki. Uwar ɗakin a gaba riƙe da hannun yarinya, ’yar dankali a baya da jariri a kafaɗa tana jan keke da hannu guda. Matakalar ta yi ƙasa da su kaɗan-kaɗan, ƙafafu, ƙugu, kafaɗa, ɗankwali. Ba ta waiwayo ba.

Ranar Lahadi na je Al Ras duk da haka, ban san me na je yi ba. Na zauna a shagon mai tikiti na sha shayinsa, ya tambaye ni ina fasinjar, na ce ta fasa. Ya ce lafiya yau ba labari? Na ce maƙogwaro ke ciwo. Na kira lambarta sau ba adadi, a kashe. Ban san gidan ba, ban san unguwar ba, sunan cocinsu ma ban taɓa tambaya ba, don duk mintocin nan goma-goma na shekara biyu, in aka auna, tara nawa ne. Ranar Talata da safe ina kan tsani ina canja ƙwai, duk jirgin da na tuna yana tashi a lokacin sai in ji tsanin na rawa.

Tsohuwa ta dawo bayan mako uku da sanda. Na faɗa mata komai a ɗakin ajiyar kaya, don na rasa wanda zan faɗa wa. Ta saurara har ƙarshe da idanun nan nata masu ruwan toka. Ba ta zage ni ba. Ta miƙo hannu ta karɓi makirfo, ta maƙala wa kanta, a karkace. Tun daga ranar ita ke maƙala abinta. Manaja kuwa ta sa aka buga hotona a allo, baki buɗe, hannu sama, aka ba ni Asabar guda a kowane wata. Na karɓa. Na so in ce ban karɓa ba, amma allon yana nan a ƙofar kanti, duk mai shakka ya je ya gani.

Sai a mako na bakwai suka dawo. Asabar ɗina ce ma. Ina gwada sauti sai na ji an rungume ƙafata. Yarinyar ce, ta ƙara tsawo, haƙorinta na gaba guda ya fita.

“Mai labari! Yau ma matar teku za ka yi? Ka san me? Maman anti ta mutu. Ta kalli binnewar a wayar Mami a ɗakin wanki, ta yi ta kuka har ta ƙona rigar Dadi da dutsen guga. Yanzu gwangwanin yana ofishin Dadi. Ka yi matar teku, ka ji?”

Ta ruga ta haye matashi.

’Yar dankali tana inda ta saba tsayawa, hannu a kan keke. Rigar ruwan hodan ce dai, amma ɗankwalin baƙi ne, kuma rigar ta yi mata yawa. Uwar ɗakin ta sauka shan gahawa. Yanzu ba ta da abin tsaro. Na taka zuwa wurinta, tafiyar da ba ta fi taku goma ba, na yi ta kamar mai zuwa Kano a ƙasa.

Na ce, “Sannu, ƙanwata. Ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Mama.”

“Amin. Na gode.”

“Yaushe ne?”

“Kwana goma sha tara bayan Talatar nan. Da na tafi, da na same ta.” Ta gyara wa jaririn safa. “Ƙanwata ta ce kullum sai ta sa an juya mata gado ya kalli ƙofa.”

Ya kamata in yi shiru a nan. Ko jaki ya san nan wurin shiru ne. Amma na ji shirun yana hawa wuyana, sai bakin ya ɓalle. Na ce mata wallahi ban yi da nufi ba, so na yi in sa ta dariya. Na ce akwai ofishin da ake kai ƙara, ni zan raka ta, zan tsaya gaban ko wane ne in yi magana har sai duwatsu sun yi kuka. Na ce in ta kama in fasa ofishin mijin da guduma zan fasa, ai ta san ni, ta san bakina, ba ƙofar da bai taɓa buɗewa ba. Ina yi ina ɗaga hannu, har na ga wasu iyaye sun fara juyowa suna murmushi, sun ɗauka an fara.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ɗago ta dube ni, ba fushi a idonta, ba hawaye, kallon da ake yi wa kayan da aka saya aka zo gida aka ga jabu ne.

Ta ce, “Bari, Baba, kar ka wahalar da kanka. Laifina ne. Furfura na gani a gemunka, na ɗauka da babba nake magana.”